Mai Gadin Sanyi

Watan Afirilu, Sakkwato na tafasa,
kwalta na kama takalmi a Gawon Nama,
ni kuwa sanyi nake gadi.

A ɗakin hoton ƙwaƙwalwa na asibitinmu
akwai tukunyar da ba a buɗewa.
Cikinta hiliyam ya kwanta, ya zama ruwa,
digiri ɗari biyu da sittin da tara ƙasa da ƙanƙara,
ko a can bai yarda ya daskare ba
sai an danne shi.
Kowace safiya nakan duba allurarsa
kamar mai taɓa goshin jinjiri.

Inna Tumba ta zo daga Wamakko da ciwon kai,
ta harari na'ura, ta ce, "Ɗana, mi ac ciki?"
Na ce baƙo ne, Inna,
ba launi, ba wari, ba ɗanɗano,
ko an kai masa ashana ba ya kamawa.
"To mi shika yi?"
Na ce zama. Ba ya shiga harkar kowa.

Ƙarfen ƙofarmu ya yi abota da damina,
ga tsatsa nan sun haifa.
Gishiri ma haɗin gwiwa ne.
Shi ko ƙwayar lantarki biyu gare shi,
sun cika masa ɗaki;
ba ya ara, ba ya ba da aro,
bai san ƙofar maƙwabci ba.

A jikin rana aka fara hango shi,
wani siririn zare rawaya cikin haske,
tun ba a san ƙasa na ɓoye da nata a duwatsu ba.
Ashe wadda ke gasa mu a waje
da wanda nake lallashi a ciki
'yan gida ɗaya ne.

Da yamma Ɗan'ige mai balan-balan
ya zuƙi kaɗan a bakin titi,
muryarsa ta koma ta ɗan tsako.
Na tsawata masa, na sayi ja guda.
Luba ta ɗaure ta a ƙafar gado,
ta kwana tana tura silin da kai.

Da asuba ga ta a ƙasa, ta yamutse kamar busasshen tumatir.
Luba ta juya ta, ta juya,
ba huda, ba ɓaraka.
Na ce ta cikin robar ya sulale,
ƙanƙanta ce ta ba shi hanya;
yana can yana hawa,
har duniya ta gaji ta sake shi.

Ta ce, "Bai yi sallama ba."

Na hau babur na koma aiki.
Allura ta sauka da faɗin gashi guda.