Gangar Yashi a Recife

Shekara goma sha bakwai ina tsaye bakin bel
a rumbun tace shara na unguwar Ibura.
Hannuna ya san kwalba, ya san gwangwani,
ko ta cikin safar roba yakan gane ƙusa.
Batir ne kaɗai ba ya sallama.

Yakan zo a cikin motar wasan yara,
cikin sigarin lantarki da aka zuƙe aka yar,
cikin wayar da ta kumbura kamar kwaɗo.
Ka gan shi shiru, ka ce ai matacce ne,
ashe kwanton ɓauna ya yi.

Ran wata Talata Josenildo ya tura kwali a injin matsewa,
sai na ji tsss, kamar ɗigon ruwa a kasko,
da wari mai zaƙi-zaƙi mai yankan maƙogwaro.
Na daki jan maɓalli. Kowa waje!
Shi kuwa ya miƙa hannu zai ceto kwalinsa,
tarin wata guda, kuɗin hayar ɗaki.
Na fizgo shi ta wuyan riga har maɓalli ya tsinke.
Da rai ake biyan haya, yaro.

'Yan kwana-kwana suka yi ta kwarara ruwa
har hayaƙi ya kwanta, muka fara dariya.
Shugabarsu ba ta yi ba.
Ta ce: kar wanda ya koma ciki,
wannan wutar barcin makirci take yi.
Ƙarfe huɗu na yamma ta sake miƙewa,
ba iska, ba ashana,
ta lashe abin da ta rage da safe.

Yanzu akwai shuɗiyar ganga a tsakar fili,
cike da yashi, taku talatin daga kwali.
Duk batirin da na tsinta sai na liƙe masa baki da tef,
na kwantar da shi a hankali kamar ƙwai.
Suna ce mini Zuleide Uwar Yashi. Na amsa.

Ku na saman benaye a Boa Viagem,
masu ɗaure leda ku sauko da ita da dare,
ban san sunayenku ba,
amma garwashinku na ratsa tafina kullum.
Yau arba'in da ɗaya na ƙirga.
Na arba'in da biyu ne ban sani ba,
ko yana wace leda.