Arba'in da Huɗu

Ƙarfe tara na dare a Sheffield,
ana yayyafi tun la'asar.
Hindatu ta baje takardu a teburin kicin,
ta ture kwalbar yaji gefe.
Ni kuwa saura awa guda in tafi aikin dare
gidan tsofaffin da ke kirana da sunan wani.

"Baba, duba min wannan."
Ruwa giram ɗari biyu, zafinsa ya hau digiri goma.
Ta ninka da huɗu da ɗigo biyu, daidai,
dubu takwas da ɗari huɗu,
sai ta liƙa masa kilojul a wutsiya.
Na ce, 'yar nan, kin sayar da akuya a kuɗin raƙumi.
Jul ne.
Lamba ba ma'auni, ai cinikin duhu ke nan,
mudu daban, tiya daban, tambayi kowace mai awo.
Ta goge tana zumɓura baki.

Ta biyu: dutsen farar ƙasa, giram ɗari,
an gasa shi har ya saki abin da ya riƙe.
Nawa ya rage?

Ban duba littafi ba.
Shekara goma sha ɗaya na yi a Kalambaina
ina auna dutsen nan kafin ya shiga wuta,
garinsa a girata, a kunnena, har a tuwon rana.
Hamsin da shida, na ce.
Kuma wuta yake sha, ba ya bayarwa,
alamar tarawa za ki sa, kar ki sa ta ɗebewa.

"To sauran arba'in da huɗun fa?
Ina suka tafi?"

Butar shayi ta tafasa, ta kashe kanta.
Na tuna sikelin filin jirgin Kano,
kilo ashirin da uku, ko ƙwaya ba ƙari.
Na durƙusa a tsakiyar layi na zuge jaka,
na ciro littattafaina da farar rigar aiki
na miƙa wa ƙanena Barmo,
na ce ajiye min, ba zan daɗe ba.

"Baba?"

Ba su ɓace ba, na ce, iska suka zama.
Rubuta. Sa musu giram a baya.
Ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙasa.
Na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmi,
bas ɗin ƙarfe goma saura kwata ba ya jiran kowa.