Ramin Baba Isaka

Ruwan Ankara ba ya sallama.
Da tsakar dare yake dira kan kwanon Nima
kamar an zazzage buhun tsakuwa.
Kafin ka lalubo takalminka ya wuce ƙofar gida,
ya kwashi leda, ya kwashi bokitin wani,
ya bi babbar kwata yana gunaguni
har teku,
tekun da bai taɓa cewa yana jin ƙishirwa ba.

Mahaifina ba ya barci a irin wannan dare.
Sai ya zauna bakin gado yana lissafi da yatsu:
wannan da ya wuce yanzu kwamin albasa goma ne,
wancan kuma kabejin wata guda.
Asara, in ji shi, ba sai ka riƙe abu a hannu ba.

Daga Bawku ya zo da fartanya da tabarma.
Can, in hadari ya haɗu,
uwarsa kan jera tukwane bakin zaure
har da kaskon suyar gyaɗa,
ta ce baƙo ne mai gaggawa,
in ba ka shimfiɗa masa ba, gaba zai yi.

Ya samu ɗan fili ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki,
inda ƙasa ke tsagewa kamar diddigen mai tallan gawayi.
Wata biyu yana haƙa.
Masu wucewa suna cewa,
Baba Isaka, wa ya rasu?
Ya ce, ba kowa, ɗakin baƙo nake ginawa.

Ya daɓe cikin da yumɓu,
ni da Lantana muka tattake da ƙafa
har faratanmu suka yi ja.
Ya shimfiɗa tsohon tamfol na motar Kumasi,
ya ja 'yan hanyoyi daga tudu,
ya tare bakinsu da duwatsu don su tace datti,
ya rufe saman da ganyen kwakwa
saboda rana ma ɓarauniya ce,
kuma ba ta jin kunyar ido.

Ruwan Yuni ya zo, ya ga shimfiɗa, ya kwana.

Da sama ta rufe bakinta,
masu tanka suka ƙara wa galan kuɗi,
maƙwabtanmu na ɗibar ruwan kwata
suna toshe hanci.
Mu kuwa da asuba
gwangwani biyu ga kowane kwami, ban da ƙari.
In na zuba na uku sai in ji sandarsa a ƙasa:
ba naka ba ne, na watan gobe ne.
Latas ya tashi kore shar.
Mma Azumi ta Mamobi ta zo da kwandonta,
ta ɗanɗana ganye ɗaya, ba ta yi ciniki ba.

Shekara tara.
Sannan wasu suka zo da takarda da igiyar awo.
Ramin da ya ci wata biyu
motar ƙasa ta cike shi kafin azahar.
Baba bai ce komai ba.
Ya naɗe tamfol ɗinsa, ya ɗora a ka.

Bai ga damina ta gaba ba.

Yanzu a bayan ɗakina akwai duro uku
da indararon da na ƙera da gwangwanin man gyaɗa,
da tumatir a cikin tsofaffin buhuna.
Ba gona ba ce, na sani.
Amma jiya da dare, ɗigon farko na taɓa kwano
na tsinci kaina tsaye a tsakar gida, ba riga,
ina buɗe murafe ɗaya bayan ɗaya,
matata na tambaya daga ciki, wane ne?
Na ce, baƙon Baba ne,
koma ki kwanta.