Awon Asuba a Oulu

Ƙarfe shida, rana ba ta da niyyar fitowa.
Na kakkaɓe ƙanƙara daga takalmina,
na zura farar riga da safar hannu,
na shiga ɗakin da ɓeraye ɗari biyu ke numfashi tare.

Mai lamba arba'in da bakwai shi ne nawa.
Farfesa Rauhala ta hana a raɗa musu suna,
amma a zuci Tulu nake ce masa.
Mu muka ƙibantar da shi da gangan,
wata huɗu yana gaigayar shuɗin dunƙule mai maiƙo
har ya zamo in ya juya sai ya huta.
Giram hamsin da biyu ya kai.
Sannan muka soma allura.
Yau na ɗaga shi ta gindin wutsiya, na ɗora a sikeli:
talatin da tara.
Ɗalibai suka yi ta tafi a baranda,
wani har ya sayo kek.

Da rana Veikko ya bugo daga Kuusamo,
yayana, direban motar katako,
wanda sitiyari ke gogar tumbinsa,
wanda ke huda yatsa kullum kafin ya sha kofi.
Ya ce, "Aune, kun samo kuwa?"

Me zan ce masa?

In ce ɗakin nan da nake zufa a cikinsa
sanyi ne ga ɓera,
kuma tsakanin kafaɗunsa akwai wani kitse mai ruwan ƙasa
da ke ci kamar murhu dare da rana,
alhali naka ɗan ragowa ne a gindin wuya,
ka kuma lulluɓe shi da rigar ulu?
In ce zuciyarsa na bugawa sau ɗari shida a minti,
daren da ya kwana bai ci ba
daidai yake da kwanakin yunwa a jikinka?
Man da ke yawo a jininsa ma
ba irin motar da naka ke hawa yake hawa ba,
shi ya sa jijiyarsa ba ta saurin toshewa.

Aladen da ke ginin baya ya fi kama da mu,
zuciya da hanji kusan ɗaya,
amma shi a tantanin kitsensa yake ƙera mai,
mu kuwa hanta muka fi ɗora wa aikin.
Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.
Ashe kitse ma haka.

Beyar ɗin da ke dajin bayan gidan Veikko fa?
Duk kaka tana kiwon 'ya'yan itace,
ta cika, ta batse, ta shige rami,
wata shida ba ci, ba sha, ba motsin kirki.
Bazara ta fito a rame, tana miƙa,
ba ciwon suga, ba kumburin ƙafa.
Da yayana zai kwanta haka mako uku
da sai an ɗauke shi a kan gado mai taya.
Ita ba ta shiga keji,
ba ta kuma gaya wa kowa sirrinta ba.

Sai na ce, "Na ɓera dai mun samu."
Ya yi dariya har da tari,
ya ce, "To ku mai da ni ɓera mana."
Na ji ƙarar buɗe leda a gefensa,
ban tambaye shi abin da ke ciki ba.

Ran Juma'a gwaji zai ƙare.
Ni zan ciro hantar Tulu in auna,
in yanki kitsen kafaɗarsa in sa a ƙanƙara.
Yanzu dai yana tafin hannuna, da ɗumi,
yana shinshinar safata,
ya warke sarai
daga cutar da ba tasa ba.