Ƙofa Uku

Alƙali ya ce jinin namu ne.
Ya cire tabarau, ya lissafa mana ƙofa uku:
kisasi, ko diyya, ko afuwa.
Ya ce mu je gida mu yi shawara, mu dawo bayan sati biyu,
sai ka ce ranar biki za mu tsayar.

Na biyo ta Ƙofar Soro da ƙafa.
Duk ɗan acaɓan da ya gifta, ƙeyar Nadabo ce da shi.

A kan babur aka kashe ƙanena,
babur ɗin ma na bashi, saura wata huɗu ya zama nasa.
Sallau aka ce ya tare shi a hanyar Batagarawa,
Sallau da suka yi harbin ƙadangaru tare a Rafindaɗi,
wanda ya sha sa hannu a kwanonmu.

Inna ta ce a kashe shi.
Ba ta ɗaga murya ba, tana tsintar shinkafa a faifai ta faɗa.
Ta ce tsoron igiya ke tsare wuyan ɗan wata,
in aka bar wannan, gobe wata uwar za a yi wa sallama da magariba.
Ban musa mata ba.
Ba ni na yi naƙudarsa ba.

Hakama ta ce gawa biyu ba ta ciyar da maraya,
a karɓi diyya, yara su yi karatu.
Sai ta ja mayafi ta rufe fuska,
ta ce, wayyo ni, na yi wa mijina farashi.

Kawu Barau ya ce afuwa ta fi lada.
Kawu bai ga gawar ba.
Ni na wanke ta. Wuri bakwai na ƙirga,
na bakwai a tafin hannu,
inda ya kama kaifin yana neman a bar shi.

Amma shaidun nan, bayan faɗuwar rana suka gani.
A caji ofis Sallau ya amsa,
a gaban alƙali ya ɗaga riga ya nuna bayansa.
Ina jin shi ne. Wallahi ina jin shi ne.
To in ji na ya yi kuskure,
wa ke kwance igiya bayan ta gama aiki?

Uwarsa, mai daddawa, tana zuwa zaurenmu da asuba.
Takan cire takalmi tun daga waje.
Ba ta taɓa roƙo ba.
Ta zauna, ta kalli ƙasa, ta tashi.
Jiya na ga Inna ta tura mata tabarma da ƙafa,
ba ta dube ta ba.

Ba ni zan ja igiyar ba, na sani,
akwai mai cin albashi a kan wannan.
Nawa kalma ɗaya ce.
Ban taɓa sanin harshe na da nauyin gatari ba.

Na je Ɗan Marna na tsuguna wajen kan Nadabo,
na ce, kai mai jinin, me ka gani?
Tururuwa na ta jigila a kan kabarin.
Shi da ba a gama magana bai tsoma baki ba,
yau ya bar ni da ita.

Gobe Litinin.
Na goge riga, na rataye a ƙusa,
sai na kasa kallon yadda take lilo.
Na sauke ta, na ninke.