Gajiyar Ƙarfe

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinke ƙarfe da wuta,
tun Ali Ɗan Sofo tana gonakin gero.
Idona ya sha tartsatsi har ya daina ƙorafi.
Ba a taɓa maido mini aiki ba
sai ranar Laraba,
da Barira ƴar Nomau ta zo da hular kwano da alli,
ta zagaye ƙafafun tankin da nake tayarwa a Ɗan Gulbi,
ta tsuguna a gwiwa ta uku,
ta ja layi a kan waldata.

Na ce, ƴata, wannan ƙafa
ko giwa aka ɗora mata sai ta yi hamma.
Ta ce, Baba Tsalha, ban musa ba.
Giwar da ta hau ta zauna ba ta dame ni ba,
mai hawa tana sauka nake tsoro.

Ta tsinci waya a ƙasa, irin ta ɗaurin rodi,
ta ce, ja.
Na ja har jijiyar wuyana ta tashi,
waya ko gezau.
Ta ce, to lanƙwasa, ka maido, ka ƙirga.
Ɗaya, biyu, yaran shago na dariya.
A bakwai ta yi ɗumi tsakanin yatsuna,
a sha biyu wurin ya yi fari kamar leɓen mai azumi,
a sha bakwai
ta rabu biyu, ba ko ƙara.

Sai ta buɗe littafi a kan cinya.
Inji zai cika tanki da asuba,
ƴan ga-ruwa su tsotse shi kafin azahar,
a sake cikawa, a sake kwashewa.
Sau biyu kullum, shekara ashirin:
dubu goma sha huɗu da ɗari shida.
Ta ce wannan ba wata lamba ba ce a wurin ƙarfe
in tazarar kaɗan ce.
Amma tsakanin cike da wofi
gwiwar nan na buɗe baki
fiye da iyakar da lissafi ya yanka mata,
kuma ƙarfen da ya ƙetare iyaka ya dawo
ba duka yake dawowa ba.
Tsaga ba ta sallama.
A gefen walda take tsira, siririya kamar gashin gira,
kullum ta ci taku ɗaya,
fenti na rufa mata asiri.

Ban tanka ba. Raina ya ɓaci, ba na ɓoyewa.
Kwana biyu ina gurzar aikin hannuna,
na ƙara faranti mai kusurwa uku,
na shafe bakin waldar sumul
har farce ya rasa inda zai maƙale.
Ta dawo ta fesa jan ruwa, ta goge,
ta bi shi da farar hoda, muka tsaya jira
kamar masu jiran sakamako a asibiti.
Fari ya zauna fari.
Ta sa hannu, ta hau babur ɗinta.

Da dare barci ya ƙi.
Mantau ƙanena na tuna,
ɗan dako a bakin babbar kasuwa,
wanda buhu mai kilo ɗari bai taɓa kayarwa ba.
Ɗauka, sauke, ɗauka, sauke,
daga gindin mota zuwa sito.
Bayansa ya tsaya yana da arba'in da biyu,
ranar da ya sunkuya zai ɗauki buta.
Buta!
Muka ce sammu ne,
muka sayar da tunkiya biyu a kan haka.

Guntayen wayar na nan a aljihun rigata,
sun fara huda shi.
Jumma'a zan je Tibiri in gaishe shi.
Ban sani ba ko zan nuna masa.