Wata Shida

Wata shida aka ce zai yi,
takardarsa ma haka ta faɗa.
Ga damina ta uku ta same shi
a bayan wayar matatar mai, kan hanyar Tanut.

Ni kuwa difilom ɗina na walda
ya yi laushi a aljihu kamar tsohuwar jikka.
Mai gadi har ya san sunana:
"Tanimun, yau ma babu. Leƙo Laraba."
Laraba nawa ke cikin shekara?

Sai na kafa tebur a bakin ƙofa,
hannun da ya iya ɗinke ƙarfe
ya koma fifita gawayin shayi.
Da la'asar baƙon yakan fito,
tabon tartsatsi a wuyan hannunsa
irin nawa sak.
Ba ya jin Hausa. Yatsa biyu yake ɗagawa: sukari.

Jiya ya nuna mini ɗiyarsa a salula,
ta yi haƙora ba ya nan.
Na riƙe fushina kamar kofi mai zafi,
na rasa inda zan dire shi.

Wanda ya sa hannu a takardar
bai taɓa shan shayina ba.
Motarsa takan wuce, gilashi a rufe,
ta nufi cikin Damagaram.